Allah Mai Ganin Wadda Aka Sallama

Karatu: Farawa 16:1-14 da Farawa 21:8-21

Kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki naka ka karanta wuraren nan biyu a hankali, gama darasin wannan mako a kansu yake tsaye, ba a kan maganata ba.

Tun watan Nuwamba na 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari kan zancen sulhu, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe, mun ga sauƙi. Motoci suna bi ta Udawa da Buruku zuwa Kaduna. Waɗansu sun koma gonakin da suka bari har ciyawa ta cinye. Mun yi sujadar godiya, kuma ya kamata mu yi. Amma sulhu bai ta da waɗanda muka binne ba, bai kuma ƙulla igiyoyin auren da suka tsinke ba.

Da aka kashe mutane kimanin ashirin a Dogon Dawa a watan Oktoba na 2012, yawancinsu masallata da asuba, an ƙirga. Da aka auka wa Gwaska a watan Mayu na 2018, an ƙirga gawawwaki sama da arba'in. Ana ƙirga shanun da aka kora, ana ƙirga rumbunan da aka ƙone. Ba wanda ya zauna ya ƙirga auren da dajin nan ya kashe, alhali kuwa kowane ɗayanmu ya san gida ɗaya ko biyu. Mutum ya sayar da gona da shanun huɗa da babur, ya ci bashi har wurin surukai domin kuɗin fansa, bayan an dawo sai bashin ya zauna a tsakar ɗaki, ba a iya magana sai da faɗa. Wani ya tafi Kaduna ko Funtuwa ko ramin zinariya neman abinci, da fari yana kira kullum, daga baya mako-mako, daga nan sai a ji ya ajiye wata. Waɗansu kuma yaro suka rasa, miji yana cewa ke kika aike shi gona, mata tana cewa kai ka ƙi mu bar ƙauyen. Akwai kuma wanda ya fi duka ɗaci, wanda ba ma so mu ambata a majami'a: macen da ta yi watanni a hannun 'yan bindiga, ta dawo da rai, mijinta ya kasa duban fuskarta.

Idan kana ɗaya daga cikin waɗannan, ko kina ɗaya daga cikinsu, da ke nake magana, da kai nake magana. Sauran kuwa ku saurara, domin a bencinku suke zama.

Bari in fara da laifina

A ƙarshen 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankinmu, aka kuma hana hawa babur, an ɗauke wata 'yar'uwa daga ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu na ƙauye. Ba zan faɗi sunanta ko ƙauyenta ba, amma da izininta nake ba da labarin. Mijinta ya yi ƙoƙari, wannan shaida ce da zan ba shi. Ya yi tafiya mai nisa yana neman inda waya za ta shiga, ya sayar da abin da yake da shi. Ta dawo. Muka yi rawa, Zumuntar Mata suka buga tulu da kacau-kacau har rana ta faɗi. Kafin kaka ta zagayo, ya ɗaure mata kayanta a buhu ya mai da ita gidan ubanta. Ya riƙe manyan yaran, ya bar mata na goye.

Ana cikin haka aka gayyace ni wa'azi a makon iyali. Na ɗauki Malakai sura 2, na ɗaga murya a kan yadda Allah yake ƙin kisan aure. Cikin zafin wa'azi na ce duk macen da ba ta ɗakin mijinta ta binciki kanta. Jama'a suka ce amin. Ita tana zaune a bencin baya da yaro a cinya. Daga ranar ba ta ƙara zuwa sujada ba.

Bayan watanni na je gidan ubanta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Sa'an nan ta ce, "Mai bishara, na binciki kaina kamar yadda ka ce. Har yau ban ga abin da na yi ba. In kai ka gani, ka nuna mini." Ina da takardar makarantar tauhidi a rataye a bangon ɗakina, amma ban sami kalma ɗaya da zan ba ta ba.

Da na koma gida na sake karanta Malakai 2:13-16, wannan karo ba don neman abin wa'azi ba. Ɗan'uwa, karanta da kanka ka ga da wa annabin yake faɗa. Da maza yake. Mazan Yahuza ne suke zuwa bagade da hadayu da hawaye, suna mamaki don me Allah ba ya karɓa, annabi kuwa ya gaya musu dalili: Ubangiji ya tsaya shaida ranar da suka auri matan ƙuruciyarsu, su kuma suka ci amanarsu. Garkuwa ce Allah ya miƙa wa macen da aka yasar. Ni na karɓe garkuwar na buge ta da ita.

Haka yake a Matiyu 19. Farisiyawa suka tambayi Yesu ko mutum zai iya sakin matarsa a kan kowane dalili. A zamanin akwai gardama tsakanin almajiran manyan malamai biyu na Yahudawa a kan Maimaitawar Shari'a 24:1. Mutanen Shammai sun ce sai a kan lalata, mutanen Hillel kuwa sun ce ko abinci ta ɓata ya isa. Yesu ya mai da su can farkon halitta, ya ce musu taurin zuciyarsu ne ya sa Musa ya yarda da takardar saki. Kada wani ya ce Mai bishara ya sassauta. Aure alkawari ne na rai da rai, haka muke koyarwa, haka za mu ci gaba. Amma in igiya ta tsinke, sai a tambaya wa ya sa wuƙa. Ba daidai ba ne a ɗora wa wanda aka yanka laifin wanda ya yi yankan.

Hajaratu

Yanzu mu koma karatunmu. Hajaratu 'yar Masar ce, baiwar Saratu. Ba ta nemi Ibrahim ba, ba a tambaye ta ba. Shawarar waɗansu ce ta kai ta ɗakinsa, shawarar waɗansu ce kuma ta fitar da ita. Littafi bai ɓoye nata kuskuren ba, gama da ta ga ta yi ciki ta rena uwargijiyarta. Amma duba ranar sallama a sura 21. Ibrahim mutum ne mai garkuna da bayi da azurfa da zinariya. Abin da ya ɗora mata a kafaɗa da sassafe shi ne ɗan abinci da salkar ruwa guda. Shekarun Ibrahim 86 sa'ad da aka haifi Isma'ilu, 100 kuma sa'ad da aka haifi Ishaku, sai bayan yaye aka sallame su. Ki lissafa da kanki yawan shekarun da matar nan ta yi tana hidima a gidan. Ladanta salka ɗaya. 'Yar'uwa, in buhun kaya aka ɗaure miki bayan shekara goma ko ashirin, ba ke ce ta fari ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma ba su manta da matar nan ba, suna tunawa da neman ruwanta a aikin Hajji.

Ta yi ta yawo a jejin Biyer-sheba har ruwa ya ƙare. Ta kwantar da yaron a ƙarƙashin wani ɗan itace, ta ja da baya kamar nisan da kibiya take kaiwa, don kada ta ga fitar ransa, ta zauna ta fashe da kuka.

Tsaya nan kaɗan. Wannan mace ta taɓa gamuwa da mala'ikan Ubangiji fuska da fuska, a bakin maɓuɓɓuga a hanyar Shur. An yi mata alkawari zuriyarta za ta yi yawa. Ita ce ta raɗa wa Ubangiji suna, ta kira shi Allah mai ganinta. Sunan ɗanta ma, Isma'ilu, ma'anarsa Allah yana ji. Kowace safiya in ta kira yaron, wa'azi take yi wa kanta. Duk da haka ranar da salka ta bushe, ba mu ji ta tsaya tana tuna wa Allah alkawarinsa ba, ba mu ji ta tsauta wa ruhun mutuwa ba. Kuka kawai ta yi, tana jiran gawa. In da a cikinmu take, da wani ya ce bangaskiyarta ta yi sanyi. Allah kuwa bai jira ta gyara addu'arta ba. Ya ji muryar yaron, ya kira ta da sunanta daga sama. Saratu ba ta ambaci sunanta ba ranar da ta ce a kore ta, baiwa kawai ta ce. A samaniya an san sunanta.

Saboda haka in ka kai inda ba ka iya addu'a, ka buɗe baki sai hawaye, kada Shaiɗan ya ce maka ka fāɗi. Romawa 8:26 ta koya mana cewa a irin wannan rashin ƙarfi Ruhu Mai Tsarki da kansa yake roƙo dominmu. Dogara ga Allah ba zafin jiki ba ne, ba ƙarfin murya a kwanan addu'a ba ne. Wani lokaci dogarar duka ita ce ka tashi da safe, ka wanke fuska, ka ce masa ga ni, ban gane ba, amma ba ni da wani sai kai.

Ga abin da nake so ki riƙe sosai. A sura 16, mala'ika ya ce wa Hajaratu ta koma. A sura 21 bai ce ta koma ba. Allah ɗaya, mace ɗaya, amsa biyu. Akwai auren da Ubangiji yake tayarwa bayan kowa ya fid da zuciya. Na gani da idona, na ga miji ya zo biko yana kuka a gaban dattawa bayan shekara uku. Muna roƙon wannan, muna azumi dominsa. Amma Hajaratu ba ta ƙara kwana a alfarwar Ibrahim ba, kuma wannan bai nuna Allah ya yashe ta ba. Ya kasance tare da yaron, ya girma a jejin Faran, ya zama maharbi, uwarsa da kanta ta nemo masa mata daga Masar. Wadda aka aurar ba da shawararta ba, ita ce yanzu take ɗaura wa ɗanta aure. Kada kuma wani ya ɗauki umarnin sura 16 ya mai da shi doka, ya tura mace ta koma inda ake dukanta har a kashe ta. Magana ce ga mace ɗaya a rana ɗaya. In ranki yana cikin hatsari, ki fita, ki gaya wa fasto da dattawa da iyayenki.

Sai rijiyar. Littafi bai ce Allah ya haƙa rijiya a lokacin ba, ya ce idanunta ya buɗe ta gani. Baƙin ciki yana makantar da mutum. Kina duban hanya ɗaya tak, hanyar da mijinki zai biyo ya dawo, ba ki ga ɗakin da gwaggonki ta share miki ba. Ba ki ga mudun wake biyar da 'yar'uwa ta ce za ta ba ki bashi ki fara ƙosai ba. Ba ki ga keken ɗinkin da yake kwance a gidan wanki ba. Kina cewa ba wannan na roƙa ba. Hajaratu ma ba a ba ta alfarwa da garke ba a ranar. Ruwa ta gani, ita ta tashi da ƙafarta, ta cika salkar nan da aka sallame ta da ita, ta shayar da ɗanta.

Masu sayar da amsa

Mu masu bi ne da suka gaskata da ikon Ruhu Mai Tsarki. Muna ɗibiya hannu, muna fitar da aljanu cikin sunan Yesu, ba ma jin kunyar wannan. Don haka ne ma ya wajaba in yi muku kashedi. Duk inda hawaye suka yi yawa, 'yan kasuwa sukan zo. Wani zai ce miki namijin dare ne ya kashe aurenki, kawo kaza da kaza a raba ku. Wani zai ce ki shuka iri mai nauyi, cikin kwana bakwai mijinki zai rarrafo. Wani zai ce la'anar kakanni ce ta sa aka ɗauke ɗanka. Macen da ba ta da kuɗin sabulu sai ta sayar da akuyarta ta ƙarshe. In kwana bakwai suka wuce ba labari, a ce mata ita ce ba ta ba da gaskiya ba. An ƙwace akuya, an ƙara mata laifi.

Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai, lokacin da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna nemo masa zunubin da ya jawo asararsa, sai suka ɓata, har a sura 42 Ubangiji ya husata da su. Yesu ma, a Luka 13, da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Waɗanda aka tare a hanyar Kaduna ba su fi waɗanda suka wuce minti goma kafin su zunubi ba.

Zuwa gare ku, maza

Ɗan'uwana, kai da matarka ta dawo daga daji, na san akwai abin da yake cinka wanda ba ka iya faɗa wa kowa. Na san maganar da ake yi a bakin kasuwa, na san abin da wataƙila mahaifiyarka take faɗa maka da dare. Ban rena ciwonka ba. Amma buɗe Maimaitawar Shari'a 22:25-27. Shari'ar Musa, wadda muke cewa mai tsanani ce, ta yanke cewa macen da aka fi ƙarfinta a jeji ba ta da laifi ko kaɗan, ta kwatanta al'amarinta da na mutumin da aka auka wa aka kashe. In Shari'a ta wanke ta, kai da kake ƙarƙashin alheri da wane baki za ka hukunta ta?

Duba kuma Dawuda a 1 Sama'ila 30. Ya dawo Ziklag ya tarar mahara Amalekawa sun ƙone garin, sun kwashe mata da yara, har da matansa biyu, Ahinowam da Abigail. Shi da jarumawansa suka yi kuka har ƙarfinsu ya ƙare. Wanda ya ce maka namiji ba ya kuka, bai karanta wannan ba. Da ya ƙwato su, bai tsaya yana tuhumarsu a kan kwanakin da suka yi a hannun mahara ba. Da su ya haura Hebron, su ne kuma suka haifa masa 'ya'yansa biyu na fari, kamar yadda 2 Sama'ila 3 ta lissafa. Ka sayar da gonarka ka fanso ta daga hannun ɓarayi. Kada ka bari tsegumin mutane ya ƙwace abin da bindiga ta kasa riƙewa. In abin ya fi ƙarfin zuciyarka, zo mu zauna, mu biyu kaɗai. In kuwa akwai ciwo a jikinta ko a naka, asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

In ka riga ka sallame ta, ƙofar tuba a buɗe take, jinin Yesu ya isa. Amma tuba ba hawaye a bagade kaɗai ba ne. Hatsin yaran, kuɗin makarantarsu, da barinsu su ga uwarsu, duka cikin tuban suke. Karanta 1 Timoti 5:8 ka ji yadda Bulus ya kwatanta wanda ya ƙi kula da iyalinsa.

Akwai kuma mazan da su aka bari. Dukiya ta ƙare, mata ta kwashe kayanta, kana dafa wa yara tuwo da kanka kana jin kunyar hayaƙin da maƙwabta suke gani. Duk abin da na faɗa a kan Hajaratu naka ne. Zancen sake aure kuwa, ga mace ko namiji, ba a yanke shi a ɗan littafi irin wannan. Akwai Matiyu 19:9, akwai 1 Korintiyawa 7:15, kowane gida kuma da labarinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka zauna da fastonka da dattawa, kada ka yi gaggawa don kaɗaici ko don huce haushi.

Gafara fa? Tana da wuya, yanzu ma ta ƙara wuya, tun da sulhu ya sa mai yiwuwa ne ka haɗu a kasuwa da fuskar da ka sani a daji, ko ki ga mijinki ya wuce da amarya a bayan babur. Gafartawa ba cewa abin da aka yi daidai ne ba. Miƙa shari'ar ce ga Mai shari'a, kamar yadda Romawa 12:19 ta umarta. Waɗansu sukan miƙa yau, gobe su ga sun sake ɗauka. Sake miƙawa.

'Yar'uwar nan da na ba ku labarinta, na koma na roƙi gafararta a gaban dattawan ikilisiyarsu, tun da a gaban jama'a na yi mata rauni. Mijinta bai zo biko ba har yau. Tana soya awara a ƙofar gidan ubanta, ɗan da ta fito da shi a goye ya shiga makaranta. Manyan yaran sukan zo mata ranar kasuwa. Ta koma Zumuntar Mata, ita ce ma take ba da waƙa. Ta gaya mini har yanzu in ana ɗaurin aure a majami'a takan fita waje ta tsaya a bayan gini sai an gama. Ban ce mata ta daina ba.

A taron addu'a na gida-gida na wannan mako, shugaba ya tambaya wane ne ya daina zuwa sujada tun da aurensa ya mutu ko tun da ya yi rashi. Kada a tattauna labarinsa a taron. A zaɓi mutum biyu, mata ga mace, maza ga namiji, su je da mudun hatsi ko sabulu, su zauna. In an tambaye ku don me Allah ya bari, kada ku ƙago amsa. Ku karanta Farawa 21:14-19 tare, ku yi addu'a gajeriya, ku ambaci sunan kowane yaro na gidan, ku kuma faɗi ranar da za ku dawo.